Ƙaramar Fitowa, Doguwar Tafiya

Duk ƙungiyar wasan kwaikwayo da ka sani, ta makaranta ce ko ta unguwa, tana da mutum guda wanda ba a ɓata lokaci a kansa in an zo rabon fitowa. Sai an gama ja-in-ja a kan wa zai zama Alhaji, wa zai zama saurayin da 'yan mata ke rububi, sannan a waiwayo a ce, "Kai kuma ka riƙe maigadi." A ƙungiyarmu ta unguwar Tudun Wada a Kaduna, ni ne mutumin nan. Na yi gadi, na yi dogari, na yi ɗan aike, na yi masinjan kotu wanda duk aikinsa ya daka tsawa a yi shiru. Har gawa na taɓa fitowa, aka lulluɓe ni da farin ƙyalle a tsakar fili, sauro na gasa mini cizo ba halin sosawa. Allah ya yi ni gajere, mai kaushin murya, da irin fuskar da ba a buga kalanda da ita. Tun ina saurayi aka yanke mini hukunci cewa ni ba jarumi ba ne.

Yau ina zaune a Old Trafford, gefen birnin Manchester, furfura ta ci rabin gemu. Hukuncin nan ya biyo ni har nan, kuma a nan ne na haɗu da mutanen da suka cire mini ciwonsa, wasu rayayyu, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Mu yaran Kaduna na shekarun 1980 da wasan kwaikwayo muka buɗe ido. Da rana mu ji shi a rediyo, da daddare mu yi cincirindo a tagar duk maƙwabcin da Allah ya hore wa talabijin, da azumi kuma mu yi namu a tashe, mu manna gemun auduga, mu cusa tsumma a ciki ya zama tumbi. A makaranta an karantar da mu Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. A rediyo ga Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. A talabijin ga Ƙasimu Yero a Karambana, ga Karkuzu daga Jos, ga Kuliya Manta Sabo daga Kano. Amma ranar Samanja daban take. In lokacinsa ya yi, ko aike uwa ta yi maka sai an gama.

Wani tsohon malamin firamare ne ke ba mu umarni a ƙungiya. Wata rana haƙurina ya ƙare, na tare shi bayan gwaji.

"Malam, ni kullum gadi? A gwada ni a wani abu mana, ko sau ɗaya."

"Ɗana, gadin ma ka iya ne? Maigadinka ba shi da gari, ba shi da mata, ba shi da ciwon baya. Ka buɗe ƙofa, ka rufe, shi ke nan. Je ka Unguwar Rimi ka zauna kusa da masu gadin gaske, ka dawo ka ba ni labari."

Na je. Na ga Buzu yana ɗora 'yar butarsa a kan gawayi, ya ɗaga hannu can sama ya tsiyayo shayi har ya yi kumfa. In motar maigida ta yi ham ba ya zabura, sai ya gyara amawali tukuna, ya miƙe a natse, don shi ma yana da nasa girman. Na ga wani tsohon soja wanda ko almajiri zai gaisar sai ya buga ƙafa. Na kwaso waɗannan na zuba a fitowata ta gaba, wadda ba ta wuce 'yan mintoci ba, fili ya kaure da shewa. Da aka tashi yara suka bi ni suna kwaikwayon yadda nake gyara rawani. Malam bai yabe ni ba. A wasa na gaba dai ya ƙara wa maigadi magana.

Sai ga zamanin bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, Sangaya ya biyo baya a 1999, kasuwa ta koma hannun samari masu kyan fuska da iya rawa. Na ga sa'o'ina sun hau kalanda, ana manna hotunansu a shagunan aski. Hassada ta kama ni, irin wadda ba a faɗa wa kowa. Na je gwaji wurin wani mai shirya fim, ya dube ni sama da ƙasa ya ce akwai gurbin maigadi. Na juya na fita, ban sake waiwayar dandamali ba. Na kama aikin gwamnati, na duƙufa, na yi ta hawa mataki har na samu ofis mai labule da masinja a bakin ƙofa. Ranar da aka fara ce mini "Yallaɓai" na ji kamar na rama.

Karatu ya kawo ni Ingila, iyali suka biyo baya, zama ya miƙe. Duk wanda ka ce wa kana Old Trafford a gida, sai ya zaci a jikin filin Manchester United kake kwana. Filin yana nan kuwa tun 1910, yana cin mutum sama da 74,000, ranar wasa titunanmu kan cika da jajayen riguna har ka rasa inda za ka ajiye mota. Akwai filin kurket ma wanda ya girme shi, tun 1857. Amma inda muke zaune jajayen gidajen bulo ne a jere, manne da juna, na 'yan Pakistan da Indiyawa da 'yan Jamaika da Somaliyawa da mu 'yan Afirka ta Yamma. A titin Ayres Road za ka sayi naman halal da kuɓewa da doya, ka taka da ƙafa ka je masallaci. A bayanmu kuma ga Trafford Park, unguwar masana'antu da rumbunan kaya tun 1896, inda da yawa daga cikinmu ke kwana suna ɗaukar kwali.

Takardun da na zo da su ba su buɗe mini ofis ba. Abin da ya samu shi ne aikin kula da tsofaffi a wani gida: ka tashe su, ka yi musu wanka, ka canza musu ƙunzugu, ka ba su abinci a baki, ka rubuta wa ya ci wa bai ci ba. Mutumin da masinja ke ɗaukar wa jaka ya koma ɗaukar fo. Na daɗe ina ɓoye wannan. In an tambaye ni daga gida sai in ce ina "ɓangaren lafiya", in bar mutum ya zaci abin da ya ga dama. In na je hutu in ɗinka shadda mai maiƙo, in yi ta rabon tsaraba. Wannan ne wasan kwaikwayo mafi tsawo da na taɓa yi, a cikinsa ne kuma kaɗai na samu fitowar jarumi. Ba daɗi. Jarumin ƙarya ba ya barci da ido biyu a rufe, kullum gabansa na faɗuwa kada wani ɗan garinsu ya gan shi da rigar aiki a tashar jirgin cikin gari ta Trafford Bar.

A gidan tsofaffin nan na haɗu da wani dattijon Bature. Hannunsa na rawa, ƙafa ta ƙi, amma in ya kira ka daga ƙarshen baranda kowane harafi sai ya iso. Na tambaye shi ko soja ya yi. Ya yi dariya ya ce ya yi soja, ya yi ɗan sanda, ya yi limamin coci, ya yi baran gidan attajirai ba adadi, an kashe shi ya fi a ƙirga, duk a kan dandamali. Ɗan wasa ne, irin waɗanda ake rubuta sunansu da ƙananan baƙaƙe a can ƙasan takarda. Daga bakinsa na fara jin yadda aka gina sana'ar a ƙasar nan, saura kuma na bi na karanta.

A da gidajen wasa na garuruwan Ingila jiran ƙungiyoyi masu yawo suke yi, su zo su yi mako su ƙara gaba. Wata mata mai suna Annie Horniman, wadda ta ci gadon kakanta attajirin ganyen shayi, ta ce ba za ta saɓu ba. Ita ta ba da kuɗin buɗe gidan wasa na Abbey a Dublin a 1904, sannan a 1908 ta sayi gidan wasa na Gaiety a titin Peter Street na Manchester, ta zaunar da ƙungiya ta dindindin mai sauya wasa a kai a kai. Ba a ƙawata mutum ɗaya a ce shi ne tauraro. Wanda ya fito a sarki yau, gobe shi zai riƙe wa wani hula. Ta kuma buɗe wa marubutan yankin ƙofa su rubuta rayuwar masu aikin masaƙa da harshen da suke magana da shi. A nan aka samu Stanley Houghton, ma'aikaci a harkar yadi, wanda wasansa Hindle Wakes ya tayar da ƙura a Landan a 1912, saboda 'yar masaƙa ta ƙi auren ɗan mai masaƙa. Sybil Thorndike, wadda daga baya ta shiga sahun manyan 'yan wasan Ingila, a wannan ƙungiya ta goge. Birmingham ta bi sahu a 1913, lokacin da Barry Jackson ya gina gidan wasa mai kujera 464 a titin Station Street. Laurence Olivier ya yi ƙuruciyar sana'arsa a can a shekarun 1920, Albert Finney ɗan Salford ya bi ta can a shekarun 1950, Derek Jacobi a farkon shekarun 1960.

Dattijon ya ce a ƙananan garuruwa abin ya fi haka tsanani, don duk mako sabon wasa ne. Da safe ku yi gwajin na mako mai zuwa, da rana ka haddace maganganunka, da daddare ka hau ka yi na wannan makon. Litinin na zagayowa a sake lale. Albashi ba yawa, ɗakin haya ga sanyi, kwat ɗin da za ka fito da ita ma sau da yawa kai za ka nemo abarka. Na tambaye shi ko bai taɓa jin haushin rashin zama jarumi ba. Ya ce ya ji mana, har sai da ya lura da abu guda. Samarin da aka ɗauka don kyau, da furfura ta fito sai a daina nemansu. Shi kuwa da wuya a rubuta wasan da babu bara ko ɗan sanda ko tsohon kawu a ciki. Tsufa ƙara masa kasuwa ya yi.

Wata safiya ina gyara masa matashi ya ce mini yana gane irin yinin da zai yi daga yadda mai aikin safe ya buɗe masa ƙofa. Wani ya banko ta yana kallon agogo, wani ya ƙwanƙwasa ya jira a amsa. Ya ce shi yanzu duniyarsa ɗakin nan ne, mai shigowa da ruwan wanka kuwa shi ne wasan gaba ɗaya, babu wani jarumi da ke tafe a bayansa. Maganar Malam ce ta Tudun Wada ta biyo ni da wani harshe. Na lura ashe maigadin farko nake yi a wurin aiki, wanda ba shi da gari ba shi da mata: in buɗe, in rufe, in duba agogo. Daga ranar na fara kallon tsofaffin nan yadda na kalli Buzun Unguwar Rimi. Wannan ba ta son a taɓa mata gashi sai an gaya mata. Wancan ba ya cin abinci sai an juya masa kujera ta fuskanci taga. Aikin bai rage nauyi ba, amma ya zama aikin da ake iya ƙwarewa a kai.

Abin da dattijon ya faɗa na sake ganinsa ƙuru-ƙuru a Royal Exchange, katafaren zauren da 'yan kasuwar zare da yadi ke haɗuwa a da a tsakiyar Manchester. An daina ciniki a cikinsa a 1968, a 1976 aka dasa gidan wasa na ƙarfe da gilashi a tsakiyarsa, 'yan kallo sun zagaye 'yan wasa ta kowane gefe, yadda muke yi a filin makaranta. Babu labulen da za ka ɓuya a bayansa. Mai riƙe da faranti a gefe, akwai ɗan kallon da shi kaɗai yake gani sosai. In ya yi sakaci, ya ɓata wa wannan mutum darensa.

Daga nan na koma neman tsofaffin wasanninmu a YouTube, ina kallonsu da sabon ido, musamman Samanja. Usman Baba Pategi, mai fitowa a Samanja, ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, an haife shi a 1942 a Pategi, bakin kogin Kwara, ɗan gidan sarauta, mahaifinsa Etsu ne. Wanda aka haifa inda ake zubewa a yi gaisuwa, sai ga shi a Kaduna yana aiki a gidan rediyo. Ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa, ya ga bariki daga ciki, ya mai da abin da ya gani wasa. Dubi muƙamin da ya zaɓar wa kansa. Shi ke tsara labari, shi ke ba da umarni, ba mai hana shi ɗora wa kansa anini a kafaɗa ya zama kanar ko janar. Sai ya zaɓi samanja, mutumin tsakiya: a sama hafsa na taka shi, a ƙasa kurata na zille masa. Ya sara wa na sama jiki na ɓari, ya juyo ya huce a kan na ƙasa. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani, kuma wani na ƙarƙashinsa, ya ga kansa a cikin mutumin nan.

Ga kuma harshe. Hausar bariki ya ɗauko, gauraye da buroka, wadda masu ji da Hausa ke yi wa kallon hadarin kaji, ya mai da ita abin da yara ke kwaikwayo a titi. Wannan aikin kunne ne. Sai wanda ya zauna ya saurari yadda Tibi da Bayarabe da mutumin Zuru da Babarbare suke haɗuwa a harshe guda a fagen fareti. A wane zamani kuma? Soja sun mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1979, suka dawo a ƙarshen 1983 har zuwa 1999. Lokacin da farar hula ke hango kaki ya sauya hanya, mutumin nan ya zaunar da talaka ya yi wa kaki dariya, sojan kansa na cikin masu dariyar, domin ba ƙarya aka yi masa ba. Ya nuna mana cewa a cikin kakin nan akwai mai tsoron na gaba da shi, akwai mai son a ce ya iya, akwai mai iyali. Har ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81, mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Allah ya jiƙansa. Fitowa ɗaya ya riƙe da gaskiya, ita ma ta riƙe shi.

Ƙasimu Yero, Bazazzagi, ya bi ɗaya hanyar, ta mai fuska da yawa. Ya ba mu dariya a Karambana, ya juya ya zama Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, wasan Turancin da Najeriya ta zauna ta kalla a farkon shekarun 1980, ya kuma fito a Magana Jari Ce lokacin da aka mai da littafin Abubakar Imam wasan talabijin. Ya rasu a Satumban 2017. Hanyoyinsu sun bambanta, amma jarinsu ɗaya ne: kallon mutane da kyau, da zuwa aiki gobe ma.

Ashe ma Kaduna da Manchester sun daɗe da sanin juna a wannan fage. Gidan rediyo da talabijin na Arewa wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a Kaduna a 1962, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu aka kafa shi, EMI da Granada. Granada kuwa a Manchester take, ita ta fara Coronation Street a Disamban 1960, wasan talakawan wata unguwa mai jajayen gidaje irin tamu, wanda har yau ake yi. Wurin ɗaukarsa yanzu yana Trafford Wharf, tafiyar ƙafa daga unguwarmu. William Roache na fitowa a Ken Barlow tun shirin farko, sama da shekara 60 ke nan. In na wuce ta wurin nakan ce ga Samanjan Turawa.

Ɗan sarki ya zaɓi ya zama samanja, ni ɗan talaka me nake ɓoyewa? Na kira yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

"Yaya, akwai maganar da na daɗe ban gaya miki ba. Aikin nan da nake yi ba na ofis ba ne. Tsofaffi nake yi wa wanka."

"To, sai me? Da Inna ta kwanta wa ya yi mata? Ni na yi, ko sisi ba a ba ni ba. Kai ana biyan ka, ga lada in ka gyara niyya. Auta, dama abin da ya sa in ka zo kake ta bulbula turare ke nan?"

'Yan kallon da na yi shekaru ina jin tsoro, ashe ko filin ba su shigo ba.

Darasi na gaba a unguwarmu na tsince shi. A nan Old Trafford, a gidan kakanninta, wata yarinya mai suna Dodie Smith ta tashi cikin dangi masu son wasan kwaikwayo. Ta tafi Landan ta yi makarantar koyon wasa, ta yi shekaru tana fafutukar ƙananan fitowa, abin bai karɓe ta ba. A 1923 ta kama aiki a kantin kayan ɗaki na Heal's. Tana wannan aiki ta rubuta Autumn Crocus, aka yi shi a 1931 ya samu karɓuwa, Dear Octopus ya biyo baya a 1938. A 1956 ta rubuta labarin karnukan nan masu ɗigo-ɗigo 101 wanda Disney ya mai da fim, 'ya'yanmu ke kallo. Ta rasu a 1990 tana da shekara 94. Dandamalin da ya ƙi ta da fuska ya karɓe ta da alƙalami. Samanja ma da ya zauna jiran wani ya rubuta wa Banufe mai Hausar bariki babbar fitowa, da har ya mutu yana jira. Alƙalami ba ya tambayar tsawonka, ba ya tambayar hasken fatarka.

Sai na fara rubutu, tsakanin aikin dare da na safe. Gajerun wasanni ne, muna yin su a taron salla na Hausawa in an kama zaure, wani lokaci mu cika motoci mu nufi Birmingham wurin 'yan uwa. Ba na zuwa nesa neman labari. Akwai Alhajin da ke shara da daddare yana aika hoto a jikin motar wani. Akwai uwar da ke faɗa da Hausa 'yarta na ba ta amsa da Turanci. Akwai ɗan uwan da ke gida yana lissafa fam da naira, bai san kuɗin haya da na wutar ɗumama ɗaki ba. Yaran da aka haifa a nan Hausarsu a karye take, ba na kuma miƙe musu ita duka, yadda suke faɗa nake rubutawa, sai in ga sun saki jiki, har su dawo suna tambayar yadda ake faɗa daidai. Ƙa'idar Horniman muke bi: wanda ya yi maigida bana, baɗi shi ne direba. Ranar da muka yi wasan Alhaji mai shara, dariya ta yi dariya, amma na ga manyan mutane suna sunkuyar da kai. Bayan an tashi wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wa ya ba ka labarina?" Na ce masa nawa ne.

Daga 2022, da aka buɗe bizar masu aikin kula da tsofaffi, zuwa 2025 da aka rufe ta ga masu zuwa daga waje, matasanmu sun yi ta shigowa, da digiri a jaka da kunya a zuci. In sun zo gaishe ni nakan ce musu su gaya wa mutanen gida gaskiya tun watan farko, don ƙarya haraji gare ta, duk wata sai an biya. Su koyi aikin har tsohuwa ta riƙa tambaya ina wane yau. In kuma suna da abin faɗa su rubuta, kada su jira.

Amma ba na tsayawa a nan, don haƙuri ba ya biyan kuɗin asibiti, kuma ba zan yi wa talauci kwalliya ba. Ko Gaiety ɗin Horniman bai tsira ba: ƙungiyar ta watse a 1917, ginin ya koma silima, aka rushe shi a 1959. Sai dai 'yan wasan Ingila sun ɗaure wa kansu gindi. Suna da ƙungiyar ƙwadago mai suna Equity tun 1930, mai tsaya musu a kan albashi da yarjejeniya, suna da gidan Denville Hall a gefen Landan inda tsofaffinsu ke ƙarasa rayuwa cikin mutunci. Namu fa? Marigayi Karkuzu, wanda ya ba Arewa dariya shekara da shekaru, ya tsufa cikin larurar ido ba shi da muhallin kansa, sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya saka masa, amma sana'a ba ta rayuwa a kan tausayin mutum ɗaya. Abin da nake samu na wasanninsu a intanet gutsattsari ne, hoto na rawa, murya na shaƙewa. Da Shu'aibu Maƙarfi bai mai da wasanninsa na rediyo littafi ba, da yau sai dai labari.

Don haka nakan ƙara wa matasan nan da cewa su shiga ƙungiyar ƙwadago, su karanta takarda kafin su sa hannu, kada su fita daga tsarin fansho don 'yan kuɗin da za su ƙaru a wata. Mu kuma da muke nan muna da ɗan abin hannu, tsofaffin 'yan wasanmu da suka rage da rai a Kaduna da Kano da Jos da Damagaram, yanzu ne lokacin nemansu, a ɗauki hirarsu, a biya su kuɗin hirar, a tattara abin da suka rubuta a buga. Ƙaramar fitowa ba ta taɓa zubar wa kowa da mutunci ba. Abin da ke zubar da shi a yi ta shekara 40 a tashi babu kuɗin magani, wannan kunyar kuwa tamu ce, mu da muka sha dariya muka watse.